Darnin Baba

Jikana ya zagaye garkarmu da giriyaji, wannan waya mai idanu da ake sayowa Maraɗi, ya zo ya ɗauke ni a bayan moto wai in je in sa albarka. Na je, na sa. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Akuya ta zo ta shinshina ta koma, raƙumi ya leƙo wuya ya tafi da haushinsa. Ga injin ban ruwa yana ta ɓaɓatu a bakin rijiya, tiyo yana kwarara ruwa cikin fangali, aikin da muke wuni muna yi da igiya da guga shi ya gama kafin shayin yaran ya tafasa. Sai dai na tsaya ina jan numfashi ina neman wani ƙamshi ban same shi ba. Warin esansi, man injin, na ji, da na maganin feshin da suke goyawa a baya. Yaron ya ga na yi tsaye, ya ce, “Mai-wuta, yau kuma wa za ki ƙona?” Haka dukansu suke kirana, su da iyayensu, kuma sun ɗauka don faɗana ne aka sa mini sunan. Faɗa kam ina da shi, ban musa ba. Na dai bar su a kan abin da suka ɗauka.

A zamaninmu ba waya ake kewaye garka da ita ba, kara ne. Dangar kara, wadda mu nan muke ce wa darni. A kafa itatuwa, a jera karan gero tsaye, a ɗaure da tanka da igiyar kaba, ya fi mutum tsawo. Idan iska ta taso yana da wata ƙara tasa, shuu, kamar ana sheƙa hatsi daga nesa. Giriyaji ba ya cewa komai, kuma ba ya ba ka inuwar da za ka zauna ka sha fura.

Ni ’yar fari ce a gidanmu, can kudu wajen Ajekoriya. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan magana ba, don na ga uba ya ɗora ɗan farinsa a wuya yana yawo da shi cikin kasuwa, yana kiran sunansa gatsal, ko a jikinsa. A lokacinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya yi masa magana ido da ido, ba ya ɗaukarsa. Kunya ce, haka aka tarar. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Idan yana son in kawo ruwa sai ya dubi bango ya ce, “Ashe gidan ga ba ruwa?” Idan ya dawo kasuwa da alewa sai ya ba ƙannena a hannu, tawa kuma ya ajiye a kan turmi ya wuce, kamar faɗuwa ta yi. In dole ta kama a ambace ni, “waccan” ce. Na san ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Amma sani daban, abin da yarinya take ji a ranta daban. Sau da yawa na laɓe ina sauraron yadda yake kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ina gwada yadda nawa sunan zai fito da muryarsa.

An kawo ni nan arewa, bakin kwarin Tarka, a shekarun da Nasara ya tattara nasa ya tafi. Ana ta zancen an ɗaga sabuwar tuta a Dakoro, kwamanda ma yanzu baƙar fata ne irinmu, masu rediyo suna tara mutane a gindin itace. Mu dai nauyin guga bai ragu ba. Maigidana mutum ne mai sanyi, dogo, mai yawan dariya, wanda in ka ce masa gari ya kama da wuta sai ya fara tambaya ko an ci abinci. Gidan kuwa a hannun uwarsa yake. Inna ’yar ƙaramar mace ce, haƙoranta jajur da fure, tafiyarta kamar ana korarta. Ba ta zagi, amma in ta dube ka ta ce “to, madalla,” gara ta zage ka. Ni da ita jininmu ya haɗu tun farko, ina jin don mu biyun duk ba mu iya zama ba ne.

A wajenta na fara ganin babbakar kara. A garinmu ba a yi. Mu can ba mu ban ruwa da rani, in an yanke gero sai a tara kara a yi rumfa, a yi darni, shi ke nan. Inna kuwa kara ba ya shiga garkarta sai ya bi ta wuta. Da kaka, tun yana da sauran danshi a jikinsa, za a shimfiɗa shi a fili, a barbaɗa busasshiyar ciyawa a kai, a kunna ta gefen da iska take. Wuta ta bi ta kai da gudu, ta lashe ganye, mu kuma muna juya shi da itace mai baki biyu. Karan ba ya ci, gumi yake yi, yana tsiii, yana fashewa tas-tas, ƙamshi yana tashi kamar ana gasa masara. In an gama ya yi baƙi ƙirin, mu ma mun yi, sai idanu da haƙora. Ranar farko na tambaye ta dalili, ta ɗauki ɗanyen kara ta tsaga da farce ta nuna mini: ga tsutsa fara sol kwance cikin ɓargo, ta naɗe ko motsi ba ta yi. “Kin gan ta?” in ji Inna. “Ba mutuwa ta yi ba, kwana take. Haka za ta kwana rani duka. Ran da ruwa ya taɓa karan ga za ta hwarka, ta yi hiffike, ta tashi ta zuba ƙwai bisa shuka. A gona sai damina take samun ruwa. A garka hwa, mu muke kai mata shi da hannunmu.” Wannan ƙaramin malam-buɗe-littafi mai launin kara da ke fitowa da almuru, Inna ba ta da wani suna gare shi sai uwar tsutsa.

Shekarar da nake ba da labari, damina ta yi mana rowa. Aka yi shuka ta mutu, aka sake ta mutu, ta ukun ta tashi iya gwiwa ruwa ya ɗauke. Abinci dai an lallaɓa, an sayar da awaki an sayo hatsi daga kudu. Abin da ya hana Inna sakat shi ne iri. Tana da wani gero nata, gajere, mai ƙaramar zangarniya, wanda ta samu wajen uwarta. Ba shi da kyan gani, amma yana nuna da wuri, kuma shi kaɗai ne yake cika ido a wannan rairayi namu mai gajeruwar damina. Geron kudu in ka shuka shi nan sai ya yi ta tsawo yana yanga har ruwa ya ƙare bai fitar da kai ba. Sake shuka ya cinye irin Inna, abin da ya rage ’yan zangarnu ne da ba su rufe faifai ba, ta rataye su a ɗakinta inda hayaƙi yake bugu. Maƙwabta ma nasu ya ƙare, wasu sun daka sun sha. In waɗannan suka salwanta, geron ya tafi ke nan daga garin. Sai ta yanke shawarar da ta sa mutane dariya: za ta shuka su a garka in ɗari ya wuce, inda ake sa albasa da barkono, a yi musu ban ruwa cikin zafin bazara, su ba da irin da za a kai gona kafin damina. Aka yi ta cewa tsohuwa za ta shayar da gero da guga kamar jinjiri. Ta ce to, madalla.

Matsalar ita ce darni. Namu karan bai yi tsawo ba, ɗan abin da aka samu dabbobi sun cinye, ga garka a kan hanyar mashaya. Ana cikin wannan tunani, wata safiya a ƙarshen kaka sai ga raƙuma sun durƙusa a ƙofar gida, an lafta musu kara har ba a ganin tozo. Kara dogo, fari, mai kauri, irin na gonarmu ta gida, ko daga nesa na gane shi. Mai raƙuman ya sauke rawani daga bakinsa ya ce daga Ajekoriya aka aiko shi. Maigidana ya tambaya ko akwai saƙo. Mutumin ya ce, “Cewa ya yi a kai gidan da waccan take.”

Na shige ɗaki na rufe fuska da zane. Ban san yadda Baba ya ji muna neman kara ba, ban san abin da ya ba mai raƙuma ba. Na dai san ya tsaya a gonarsa ya zaɓi mafi kyau, ya ɗaure da hannunsa, don na ga irin ƙullinsa a jikin igiyar. Duk abin da bai faɗa mini ba tun ina yarinya, a wurina ranar ya faɗe shi.

Da na fito na iske Inna tsugune gaban tulin karan. Ta zari kara ɗaya ta tsaga, ta duba, ta maida shi ta haɗe, ta je ta cusa a murhu. Na ce, “Inna, yaushe za mu babbake shi? Yana da sauran danshi.” Ba ta dube ni ba ta ce, “Wanga ba shi son wuta, ɗiyata. Kara ne mai kyau.” Ni kuwa daɗi ya rufe mini ido, na ji har Inna ta yaba karan gidanmu. Aka kafa darni fari tas, masu wucewa mashaya suna tsayawa suna tambayar na ina ne. Doka ɗaya Inna ta kafa, kuma kullum sai ta maimaita: kada ruwa ya kusanci gindin darni. Ta sa aka janye hanyar ruwa can ciki, aka bar busasshiyar ƙasa tsakani.

Kwanakin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na yi a duniya, duk da tafin hannuna ya yi kanta. Da an yi sallar asuba muke fita. Maigidana yana bakin rijiya yana ja, guga ya faɗa ƙasa tunjum, ya fito yana zuba, ni ina bin ruwan da ’yar fartanya, in buɗe wa wannan fangali in toshe wancan da ƙafa. Inna tana tsugune tana cire ciyawa tana yi wa geron magana kamar mutum. Ya tsiro, ya yi kore shar a tsakiyar rani, duk duniya ta bushe sai wannan ɗan wuri. In rana ta take, mu zauna a inuwar darni mu dama fura. Ni kullum sai na jingina bayana da shi, maigidana yana tsokanata wai na fi son darnin nan da shi. Ban ce masa a’a ba.

Sai ga wani hadari ya taso cikin bazara, ba lokacinsa ba, irin wanda yake zuwa ya yaudari mai gaggawar shuka. Aka sheƙa ruwa da la’asar, yara suna tsalle a ciki, ƙasa ta tashi da ƙamshi. Kowa yana murna da sanyin, ban da Inna. Ta zauna a ƙofar ɗaki ta zuba wa garka ido, darni ya jiƙe sharkaf daga sama har ƙasa. Dokarta ta tsare ruwan guga, ba ta tsare na sama ba.

Bayan ’yan kwanaki na fara ganin canji a wurinta. Tana riga mu shiga garka, tana bin geron gindi-gindi, tana tuge wani tana cusawa cikin zane, in mun koma gida ta zuba a wuta. Na lura waɗanda take tugewa ganyen tsakiyarsu ya bushe ya yi fari, na gefe kuma kore. Na tambaya ta ce rana ce. Wata almuru mun gama ban ruwa, na jingina da darni ina huce gajiya, sai na ji wani abu ya taɓa mini wuya. Na kaɗe, wani ya sake sauka. Na juya na duba da kyau. Jikin karan duk ’yan huji ne, kuma ga su nan suna fitowa, ƙanana, masu launin kara, suna karkaɗa fiffike suna faɗawa cikin gero. Na karya kara ɗaya na tsaga. Tsutsar ta zama ja-ja, ta yi kwanso, na taɓa ta ta murɗa gindi. Na tsaga wani, haka. Na tsaga na uku, biyu ne a ciki.

Na tafi da karan a hannu har gaban Inna.

“Inna, kin sani?”

Ta dubi karan da ke hannuna. “Na sani tun ran da anka sauke shi.”

“To mi ya hana ki sa mishi wuta?”

“Ke ɗiya, kyautar suruki? Mutum shi ɗauko kara tun daga Ajekoriya, shi zo shi iske na baƙanta mishi shi kamar kayan mai cuta? Da wane ido zan gaishe shi?” Ta gyara ɗaurin kallabi. “Kuma na ga yadda kike kallon darnin ga. Ni ma ɗiyar hwari ce.”

Ban taɓa sani ba sai ranar. Na ce, “Geron hwa, Inna?”

“In ya tahi ya tahi. Uwata ta ba ni shi, ba ta ce in ci mutuncin kowa a kai ba.” Ta faɗa da ƙarfi, amma ta juya baya tana gyara tukunyar da ba ta bukatar gyara.

Maigidana yana gefe ya sunkuyar da kai. Shi da ko hanyar da Baba yake bi ba ya bi, in ya hango shi sai ya cire takalmi ya ratse daji. Na dube shi ya ce, “Ni dai hannuna ba ya taɓa darnin ga. Ko mu riƙa kama su da hannu in sun hito?” Da wani lokaci ne da na yi dariya. Babbaka kuma lokacinta ya wuce, rana ta sake busar da karan ƙayau, in ya ga wuta sai toka. In an kwashe an kai bayan gari, masu fiffike ne, za su dawo. Waɗanda suka fito kaɗan ne, mafi yawa suna ciki suna shiri. Ko darni ko gero, ɗaya ne zai kai damina.

Washegari da sassafe na ɗauki wuƙa na fara yanke igiyar tanka. Maigidana ya saki guga ya taho da gudu. “Ke, lahiyarki?” Na ce, “Kai suruki ne, Inna suruka ce, ba mai iya taɓawa cikinku. Ni ɗiyarshi ce. In za shi yi hushi shi yi da ni.” Ya tsaya yana kallona, sannan ya ɗauki gatari ya nufi daji saran ƙaya, don garka ba za ta kwana a buɗe ba. Ni kaɗai na tuge darnin, runguma-runguma, na kai fili can ƙasan iska na tara. Inna ba ta sa hannu ba, ba ta ce yi ba, ba ta ce bari ba. Sai dai da na dawo ɗaukar rungumar ƙarshe, na ga kasko da garwashi a ajiye a bakin hanya, ita kuma ta ba ni baya tana cire ciyawa. Har ta rasu cewa take mantuwa ta yi da shi a wurin.

Na zuba garwashin. Busasshen kara ba ya jira, wuta ta tashi sama da ruri, tana fashewa tas-tas ko’ina. Na tsaya ina kallon ƙullin igiyar Baba yana ci. Na yi kuka sosai, irin na yara, da majina da komai, kuma ban ce hayaƙi ne ba.

Aiki ya ƙaru bayan nan. Muka ja ƙayar magarya da ta aduwa muka yi shinge, hannu da ƙafa duk karce. Kullum muna bin geron, mu buɗe kuben ganye mu murtsuke ƙwan da aka zuba, mu tuge duk wanda zuciyarsa ta bushe mu ƙona. Tokar darnin Inna ta kwashe ta barbaɗa a fangali. An yi asara, wajen gefe duk ya tafi. Amma gero yana da naci, wanda aka cire masa uwa sai ya fito da ’ya’ya ta gindi. Uwar tsutsa ta ragu, ta ragu, har muka daina ganinta.

Ana haka ran kasuwar Dakoro sai ga Baba a kan jaki. Ya kawo wake kasuwa, ya ratso ya ga darninsa. Maigidana tun da ya hango shi ya ɓace, ban san ramin da ya shiga ba. Baba ya sauka ya tsaya, ga shingen ƙaya, ga ramukan da itatuwa suka bari, ga baƙin fili can gefe. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta durƙusa daga nesa, suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da gajiya da dabbobi, kowa yana kallon ƙasa. Na kawo ruwa a ƙwarya na ajiye, a kan faifan da na rufe ta na ɗora wani guntun kara da na tsaga na adana, da huji da busasshen kwanso a ciki. Ya ɗauka ya juya shi a hannu. Sannan ya tambayi Inna, murya ƙasa-ƙasa, “Wa ya sa wutar?”

Inna ta ce, “Ni ce, a gahwarce ni.”

Na ce, “Ba ita ba ce, Baba. Ni ce.”

Ban taɓa sa baki cikin maganarsa ba sai ranar. Bai dube ni ba. Ya dubi geron, wanda ya fara fitar da kai, ya daɗe yana kallo. Ya sa guntun karan a aljihu, ya yi wa Inna sallama, ya hau jakinsa. Ruwan ko taɓa shi bai yi ba.

Wannan ƙwarya da ya bari cike ta zauna mini a rai wata da watanni. Geron ya nuna, muka yi fama da tsuntsaye, muka yanke. Ruwa ya sauka muka kai irin gona, Inna ta bi maƙwabtan da suka yi mata dariya ta ba kowa ɗan abin da zai shuka, ba ta manta ta ce musu to, madalla ba. Damina ta zo gajeruwa kamar yadda ta saba, geron Inna ya cika ido. Kowa yana sa mini albarka, ni kuwa ina ganin na sayi gero da ubana. Inna ta aika masa da dami guda na sabon hatsi, ɗan aiken ya dawo ya ce an karɓa, ba a ce komai ba. Na ce a raina shi ke nan, dama ba magana, yanzu kuma ba kara.

Ƙarshen kaka, ina daka da safe, na ji kukan raƙuma a ƙofar gida. Na fito da taɓarya a hannu. Mutumin nan ne dai na bara, yana ta mita yana kaɗe riga, don shi da raƙumansa duk sun yi dumu-dumu da baƙi. Kara ne aka lafta musu, dogo, mai kauri, baƙi ƙirin, an babbake shi tsaf, ƙamshin gasasshiyar masara yana tashi daga jikinsa. Mutumin ya ce a Ajekoriya har taruwa aka yi ana kallon Baba yana bin kara da wuta, wasu suna cewa tsufa ya fara taɓa shi. Inna ta zari ɗaya ta tsaga da farce, ta duba, ta miƙo mini. Maigidana ya tambaya ko akwai saƙo.

Mai raƙuman ya ce, “Cewa ya yi a kai ma Mai-wuta. Wace ce Mai-wuta a gidan ga?”

Inna ta nuna ni da haɓa. Ni kuwa taɓarya ta kuɓuce mini.

Kowace kaka baƙin kara yana zuwa, har ƙarfin Baba ya ƙare. Geron Inna yana nan, shi jikana yake kai wa gona, ko da yake bai san inda ya fito ba. Ran da na je sa albarkar giriyaji na ga ya tara tsohon kara a gindin waya, dab da inda tiyo yake yoyo, na sa shi ya kwashe ya ƙona a gabana, yana dariya yana cewa ai akwai magani. Na ce a yi feshin, a kuma ƙona.

Sunana na yanka Baba bai taɓa kama shi ba har ya koma ga Allah, kuma ban sake jira ba. Duk ran da na je gida, ina sallama daga zaure, zai kau da kai ya dubi bango kamar yadda ya saba, ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji, ya ce, “Mai-wuta ta zo. A ba ta ruwa.”